Yadda Za Ka Sa Sigarin Lantarkinka Ya Daɗe, da Yadda Ake Barin Na 'Yan Koyo

Gyaran waya ne sana'ata a nan cikin garin Gombe, kuma batir ne ya jawo ni cikin wannan harka. Na shekara goma sha ɗaya ina shan taba kafin na koma sigarin lantarki, wanda samari ke kira shisha fen. Da abokai suka ga nawa ya haura shekara biyu bai mutu ba, sai suka fara ajiye mini nasu a kan tebur a gefen wayoyi. Wannan ya daina caji, wancan yana yoyo, wani kuma ƙauri yake kamar an ƙona tsumma. Mafi yawansu ba kamfani ne ya cuce su ba. Zafin rana ne, da mugun caji, da kunna koyil (wayar da ke zafafa ruwan na'urar) a bushe.

Magana ɗaya kafin mu fara. Wannan bayani na baligi ne wanda ya riga ya kamu da taba yana neman hanyar fita. Idan ba ka taɓa sha ba, kada ka fara da wannan, domin nikotin ɗin da ke ciki shi ne dai wanda ya ɗaure mu a taba, kuma tururin ba iskar Allah ba ce. Mai juna biyu ma babu ruwanta da shi. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba kayan taba, ni kuma yaro ya kawo mini na'urarsa gyara, ba na taɓawa.

Aikin na'urar ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya taɓa kunna fitilar ƙwai. Akwai tanki mai ruwan nikotin da ƙamshi, akwai auduga da ke tsotso ruwan kamar lagwani, akwai siririyar waya ko raga da batir ke zafafawa, ita ce koyil. Ruwan ya taɓa zafi ya zama tururi. Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin mai suna Hon Lik ne ya fito da samfurin a 2003, kuma har yau yawancinsu a birnin Shenzhen ake ƙera su. Lagwanin fitila idan kananzir ya ƙare ƙonewa yake. Riƙe wannan, rabin bayanin ke nan.

Kayan da za ka tanada

Koyil na canji, aƙalla fakiti ɗaya a ajiye, kuma na samfurin na'urarka, don ba sa shiga juna.

Kan caja mai ba da bolt 5 da amf 1, irin na tsofaffin wayoyi, da igiyar caji mai kyau.

Fawa banki.

Tishu, da tsinken auduga na goge kunne, da tsinken sakace.

Sifirit ɗan kaɗan, irin na kemis.

Zobban roba da gilashin tanki na canji. Yawanci suna zuwa a cikin kwalin, amma mutane sukan jefar da kwalin tun ranar farko. Ajiye shi.

Ƙaramar jakar zif, ko gidan tabarau da aka daina amfani da shi.

Wanda zai koma na'ura mai batir na cirewa zai ƙara da cajar batir ta waje, da akwatin roba na ajiye batir, da ledar sake wa batir riga.

1. Jiƙa sabon koyil kafin ka kunna

Nan ne 'yan koyo suka fi asarar kuɗi. Ka ciro sabon koyil, ka duba ramukan gefensa inda farar auduga take leƙowa. Ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a kowane rami, da ɗigo biyu ko uku ta sama. Sa shi a mazauninsa, cika tanki, ka ajiye na'urar a tsaye minti goma. Idan irin fod ne, wato ƙaramin tankin roba da ake cusawa a kan na'ura, da koyil ɗinsa ke manne a ciki, cikawa kawai za ka yi ka jira. Bayan nan ka zuƙa sau uku ko huɗu ba tare da ka danna maɓalli ba, in na'urarka mai maɓalli ce.

A jikin yawancin koyil an rubuta om ɗinsa, wato ma'aunin yadda wayar ke tare wuta, da iyakar wat, wato ƙarfin wutar da yake ɗauka, da ƙananan haruffa. Fara daga ƙasan iyakar, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Zuƙa ɗaya a bushe ta isa ta babbake audugar, kuma audugar da ta ƙone ba ta dawowa, ko ka wanke ta da me. Sai dai canji.

Koyil yakan yi mako ɗaya zuwa biyu. Idan naka kwana uku yake yi, duba ruwan da kake sha. Ruwa mai zaƙi sosai, irin na alawa da mangwaro mai ƙanƙara, sinadarin zaƙinsa yana daskarewa a kan wayar ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Sai kuma zuƙa a jere babu hutu. Ba wa lagwani daƙiƙa ashirin ya sake sha.

2. Zuba ruwan da ya dace da koyil

Ruwan haɗin abu biyu ne, PG mai tsinkewa da VG mai kauri kamar zuma, sai ƙamshi da nikotin. A jikin kwalba za ka ga 50/50 ko 70/30, wato kason kowannensu; 70/30 yawanci VG ne ya fi yawa, shi ne mai kauri. Ƙaramin fod mai om 0.8 zuwa 1.2 ramukansa ƙanana ne, 50/50 yake so. Ka zuba masa mai kauri, ruwan ba zai isa audugar da wuri ba, ya ƙone. Babban tanki kuma, ka zuba masa mai tsinkewa, ya yi ta zuba ta ƙofar iska.

Yanayinmu ma yana da hannu. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kaiwa digiri 40, ruwa yana ƙara tsinkewa, yoyo ya yi yawa. Da sanyin hunturu kuwa, da asuba, VG yakan yi kauri, sai ka ji zuƙar farko da ɗan ƙauri. Dumtse na'urar a tafin hannunka na ɗan lokaci kafin ka fara.

Kada ka cika tanki taf, bar ɗan gurbin iska a sama. Kada ruwa ya shiga bututun tsakiya. Kada kuma ka bari ya sauka ƙasa da ramukan auduga.

Wani abu da ba na wasa da shi: ruwan da aka ɗura a kwalba marar suna, ko wanda wani ya ce shi ya haɗa a gida, ko zuba turare, ko man zaitun, ko man habbatussauda da sunan magani. Mai ba ya shiga huhu lafiya. Daga 2019 zuwa farkon 2020 a Amurka sama da mutum 2,800 aka kwantar a asibiti, 68 suka mutu, kuma binciken hukumar lafiyarsu ya fi ɗora laifin a kan wani mai na bitamin E da ake gauraya wa ruwan wiwi na bayan fage. Idan ruwanka ya ƙare kuma ba ka samu na kirki ba, haƙuri za ka yi.

3. Caji

Batirin lithiyom ne a ciki, irin na waya, amma ƙarami kuma kariyarsa ba ta kai ta waya ba. Yana ɗaukar caji wajen sau 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ja baya sosai. Yadda ka bi da shi ne zai nuna ko za ka kai ƙarshen lissafin.

Babban kan cajar nan na wayoyin zamani mai saurin cikawa, bar wa waya. Yi amfani da mai amf 1. Kada ka kwana da na'ura a jone, kada ka yi caji a kan katifa ko ƙarƙashin filo. Ɗora ta a kan siminti ko tayil inda idonka ke kai. Ta cika, cire. Kada kuma ka saba shanye ta har ta mutu murus, da ta nuna ja ka jona.

Matsalarmu a nan wutar da ke zuwa da ƙarfi bayan an ɗauke, da lokacin tayar da janareta. Na sha buɗe na'urar da allonta ya ƙone saboda an bar ta a soket an ja janareta. Abin da nake yi, ina caja fawa banki da wutar gari ko sola, sannan in caja na'urar daga fawa bankin. Idan ba ka da shi, jira janareta ya daidaita tukuna. Masu kai caji shago kuma, inda ake jera waya hamsin a kan allo ɗaya cikin rumfar kwano, ku sani zafin wurin kaɗai yana cin batir. In dole ne, kai da safe ka karɓa da wuri.

Na'ura ta yi zafi a caji har ba ka iya riƙe ta, ko jikinta ya kumbura, ko ka ji wani wari mai kama da na sinadari, cire ta ka fitar waje kan ƙasa, nesa da mutane. Ta gama aiki.

4. Kare ta daga rana da ƙura

Na'urata ta farko rana ce ta kashe ta. Na raka wani Tashar Dukku, na bar ta a gaban mota gilasai a rufe, muka shiga neman kaya. Bayan awa biyu na dawo na tarar ruwan ya tsiyaye ya bi ta ramin caji, murfin baya ya ɗago saboda batir ya kumbura. Ko wata uku ba ta yi ba. Cikin mota a rufe ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Haka akwatin babur, haka bakin taga.

Ajiye ta a tsaye, a inuwa. In za ka sa a aljihu, kashe ta tukuna. Yawancin masu maɓalli dannawa biyar a jere ne ke kashewa da kunnawa. Wanda bai kashe ba, ya zauna a kan Keke ya danne maɓalli, koyil ya yi ta ci har ya ƙone.

Ƙurar hunturu kuwa ta baki take shiga da ramin caji. Gidan tabarau ya wadatar. Idan igiya ta daina zama daram, kafin ka ce ramin ya lalace, kashe na'urar ka sa tsinken sakace a hankali ka ƙwaƙulo dattin. Ban da allura, ban da duk wani ƙarfe.

5. Shara da wanki

Kullum da dare cire fod ɗin ka leƙa ƙarƙashinsa. Za ka ga ɗan danshi a kan ƙananan ƙusoshi masu ruwan zinare. Goge da tishu. Wannan danshin ne ke gangarawa cikin na'ura ya kashe abin da ke jin zuƙa, sai ka ga tana kunna kanta ko ta ƙi kunnawa sam. Sau ɗaya a mako ka ɗan taɓa tsinken auduga da sifirit ka bi ƙusoshin, ka bari su bushe.

Tanki kuma duk lokacin canjin koyil ka warware shi, ka ware koyil gefe, ka ɗauraye sauran da ruwan ɗumi. Ba a sa omo. Shanya a kan tishu a cikin ɗaki har ya bushe sarai. Duba zobban roba; wanda ya tsage ko ya saki, canza. Wajen ɗaurewa, da ya kama ka tsaya. Masu murɗawa da ƙarfi kamar suna ɗaure tayar mota su ne ke cinye zaren suna tsinka zobe, sannan su zo suna cewa tanki jabu ne.

6. Gano abin da ke damunka kafin ka sayi sabuwa

Duk wanda ya ce mini zai sauya na'ura, tambayar da nake masa ita ce me ta yi maka? Idan amsar ita ce ya ga ta wani tana fitar da tururi kamar bakin gidan burodi, ina ba shi shawara ya riƙe kuɗinsa. Babbar na'ura ta fi shan ruwa ninki-ninki, koyil ɗinta ya fi tsada, ga nauyi a aljihu.

Dalilan da na yarda da su uku ne. Na farko, kana kan sha-ka-yar, irin su Elf Bar, waɗanda ake jefarwa in sun ƙare. Lissafa abin da kake kashewa a wata ka gani. Birtaniya ma ta hana sayar da irinsu tun 1 ga Yunin 2025, saboda yara da kuma tulin batiran da ake zubarwa. Na biyu, batirinka ba ya kai ka la'asar. Na uku, aikinka na fama ne, gini ko gona ko acaɓa, na'urar roba ba ta jure faɗuwa.

7. Zaɓi wadda za ka samu kayan gyaranta

Mai barin sha-ka-yar ya koma fod da ake sake cikawa, irin Vaporesso XROS ko Uwell Caliburn. Zuƙarsu matsattsiya ce kamar ta taba, wat ɗinsu kaɗan, kuma ga wanda burinsa barin taba, wallahi sun isa. Mutane da yawa ba sa buƙatar wuce nan.

Mai neman batir mai daɗewa ko jiki mai ƙwari shi ne zai duba na'ura mai batir na cirewa. Amfaninta a fili yake: batir ya tsufa, ka sayi wani, na'urar tana nan. Mai batir a manne kuwa, ranar da batirin ya mutu yawanci ita ma ta bi shi. Jerin Aegis na kamfanin Geekvape an yi su da rigar roba da hatimin jure ƙura da ruwa, IP67 ko IP68 gwargwadon samfuri, abin da ya dace da garinmu. Amma akwatin ne ke jurewa, gilashin tanki yana fashewa kamar kowane gilashi. Nemi mai mahaɗin 510, shi ne zaren da yawancin tankuna ke hawa, don ka iya canza tanki ba tare da canza akwati ba.

Kafin ka biya, tambayi koyil. A Gombe ba kowane samfuri ake samu ba, yawanci daga Kano ko Abuja ko Legas ake aikowa a mota. Na'ura komai kyanta, in koyil ɗinta sai an yi wata ana jira, ado ce kawai, kuma cikin jiran nan ne mutum ke komawa wurin mai tireda ya sayi kara ɗaya. Sayi fakiti biyu tare da na'urar, kuma ka yi odar wani tun kana buɗe na ƙarshe.

A jikin kwalin manyan kamfanoni akwai wurin kankarewa kamar katin waya. Kankare, ka shigar da lambar a shafin kamfanin na intanet, zai gaya maka ko ta gaske ce. Yi wannan a gaban mai sayarwa. Na hannu kuwa, in za ka saya, buɗe wurin batir ka duba tsatsa ko danshi, ka girgiza ka ji ko wani abu na motsi, ka kuma sa sabon baki da sabon koyil.

Akwai tankin da mutum ke naɗa wayarsa da kansa ya sa auduga, yana rage kashe kuɗi, amma sai ka iya auna om. Bar shi sai ka shekara. Irin na'urar da ba ta da allon kariya ko kaɗan, batir kai tsaye zuwa koyil, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

8. Batir na cirewa

A nan nake so ka nutsu, don nan ne ake jin rauni. Batirin da aka fi amfani da shi 18650 ne, wato faɗi milimita 18, tsawo 65. Akwai babban wansa 21700. Cikarsa bolt 4.2.

Ba kowane 18650 ne ke ɗaukar wannan aiki ba. Wanda ke cikin tocila, da fanka mai caji, da wanda ake farkewa daga tsohon batirin laftof, girmansu ɗaya amma ba a yi su don jan wuta mai yawa ba. A Babbar Kasuwa za ka ga masu rubutun 6800mAh ko 9900mAh a jiki, wato yawan cajin da suke cewa yana ɗauka. Ƙarya ce tsagwaronta, 18650 na gaskiya yawanci bai wuce wajen 3,500 ba. Ɗauki ɗaya ka auna a hannu, za ka ji shi sakayau. Waɗanda aka sani su ne irin Samsung 25R mai amf 20, da Sony VTC5A wanda yanzu Murata ke yi, da Molicel P26A ko P28A.

Lissafin da za ka riƙe: kowane amf ɗaya na batir, ba shi wat uku. Batir mai amf 20 kada ya wuce wat 60. Guda biyu a na'ura ɗaya, wat 120. Na'ura mai cin biyu kuma, saye su tare, iri ɗaya, ka yi musu alama da maka, su riƙa caji tare suna aiki tare. Kada ka haɗa tsoho da sabo.

Dubi rigar ledar da ke jikinsa kullum. Duk jikin ƙarfen nan na ƙarƙashin leda yana ɗauke da wuta, ledar da ɗan farin zoben da ke sama su ne suka raba ta da kan batirin. Ta yage ko kaɗan, ajiye shi. Sake riga ba wuya: bare tsohuwar da farce, mayar da zoben saman, zura sabuwar leda, ka busa mata iska mai zafi da abin busar da gashi har ta kama. In ba ka da shi, kai wa mai gyaran waya ya yi maka da na'urar iskarsa. Ban da ashana, ban da laita. Wanda ya lotsa ko ya yi tsatsa kuwa babu gyara.

Kada ka taɓa sa batir tsirara a aljihu. Wani mai acaɓa ya zo shagona da wando a ƙone da cinya a ɗaye. Ya jefa batirin canji aljihu ɗaya da makulli, yana tsakiyar tafiya wajen Jekadafari ya ji kamar an manna masa garwashi. Allah ya taƙaita bai faɗi da fasinja ba. Akwatin roban da zai hana wannan bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. In babu, naɗe kowane batir daban a tsumma ka ɗaure da roba kafin ka samu.

Caji kuma a cajar waje, irin Nitecore ko XTAR, ya fi yi ta jikin na'ura. Ramin cajin na'urar ma zai daɗe. Mai hawa jirgi daga filin Lawanti ya sa na'ura da batir a jakar hannu, ba a yarda su shiga kayan da ake aunawa ba, kuma ya rage ruwan tanki don yana yoyo a sama.

9. Ranar farko da sabuwar na'ura

Kuskuren da ke kwantar da mutane shi ne ɗaukar ruwan ƙaramin fod, mai nikotin miligiram 20 ko fiye, a zuba a babban tanki mai om 0.2 da wat 60. Tururin ya ninka, nikotin ya ninka. Jiri, tashin zuciya, gumi mai sanyi, bugun ƙirji. Babban tanki miligiram 3 yake so, iyaka 6. Ka ji alamun nan, ajiye, sha ruwa, fita iska; in abin bai lafa ba, asibiti.

Jiƙa koyil kamar yadda na faɗa a matakin farko, saita wat a ƙasan iyaka, buɗe ƙofar iska rabi, ka gyara yadda ya yi maka. Tunda ka riga ka sauya na'ura, lokaci ne mai kyau na sauka mataki ɗaya a nikotin. Ni daga 20 na faro, yanzu ina kan 3, kuma watan azumi ne ya fi taimaka mini, tunda yini guda ba a taɓawa.

Kwalaben ruwa a kulle su inda yaro ba ya kaiwa. Ƙamshinsu na alawa ne, launinsu na lemo, kuma kurɓa kaɗan guba ce ga ƙaramin yaro. In ya sha, kada a tsaya ba shi manja ko madara, a ɗauki kwalbar a nufi asibiti da shi.

10. Tsohuwar na'ura

Idan tana aiki, wanke ta, cire fod, caja ta zuwa rabi, kashe, ka ajiye a wuri mai sanyi. Duk bayan wata biyu ka ɗan ƙara mata caji. Ranar da gilashin sabuwar ya fashe, ita za ta riƙe ka kafin saƙo ya iso daga Kano.

Matattun batira da sha-ka-yar da suka ƙare kuma kada su shiga bola, don a unguwanninmu wuta ake sa wa bola, ga yara masu tsince-tsince. Manne kan batirin da gindinsa da salatif, tara su a gwangwani mai yashi, ka kai wa masu gyaran waya ko masu sayen tsofaffin batira. Ni akwai gwangwanin madara a ƙarƙashin teburina don wannan.